Shin Ko Kun San? BMW M3, Motar da Dokar Tsere Ta Haifa

Shin ko kun san cewa ba don kasuwa aka ƙera BMW M3 ta farko ba? Doka ce ta sa kamfanin a gaba. A shekarun 1980 hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, tana da wani rukunin gasa mai suna Group A, kuma sharaɗin shigarsa shi ne duk motar da za ka kawo fili, sai ka ƙera irinta aƙalla guda 5,000 cikin wata 12, waɗanda duk mai kuɗinsa zai iya zuwa ya saya. Babu damar ka kulle gareji ka haɗo wata dodanniya ƙwaya ɗaya ka ce da ita za ka kara da mutane. BMW na son kofi, don haka dole ta sa suka tsara motar tsere, suka bar mata kujerun baya da wurin manna lamba, suka kai ta kasuwa. An nuna ta a bikin baje-kolin motoci na Frankfurt a 1985, aka fara ƙera ta a 1986. Guda 5,000 doka ta nema, amma kafin a dakatar da ita a 1991 an yi kusan 18,000.

Shin ko kun san cewa sashen da ke ƙera ta da ma'aikata 35 kacal ya fara? A 1972 aka kafa BMW Motorsport, aka ɗauko Jochen Neerpasch daga kamfanin Ford ya riƙe shi. A 1993 sunan ya koma BMW M. Mazauninsu yana Garching, a gefen birnin Munich.

Shin ko kun san cewa injin M3 ta farko yanka-a-haɗa ne? Injiniya Paul Rosche da yaransa sun ɗauko gangar jikin wani tsohon inji mai silinda huɗu, wanda BMW ke aiki da irinsa tun farkon shekarun 1960. Suka ɗauko kan injin M1, motar alfarmar kamfanin mai silinda shida, suka datse masa silinda biyu, suka ɗora. Abin ya zauna daram. Kamfanin na cewa cikin mako biyu suka tayar da samfurin farko. Wani zai ce, ga silinda shida a gida, me ya kai su ga huɗu? Amsar tana wajen karanshaf. Na silinda shida dogo ne, idan juyi ya yi yawa sai ya soma karkarwa. Na huɗu gajere ne, yana shanye azaba, ga shi kuma gaban mota bai yi nauyi ba. Kada a raina tsohuwar gangar nan: a kan irinta aka gina injin turbo da Nelson Piquet ya ci kofin duniya na Formula 1 da shi a 1983. Rosche ɗin ne kuma daga baya ya tsara injin silinda 12 na McLaren F1.

Ga abin da wannan haɗi ya bayar: lita 2.3, bawul 16, ƙarfin doki 200, ko 195 a wadda aka saka wa matatar hayaƙi. Daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa 6.7. Ƙurewar gudu, kilomita 235. Nauyinta kuwa wajen kilo 1,200. A ajiye wannan adadin na ƙarshe, za a neme shi nan gaba.

Shin ko kun san cewa giyar M3 ta farko, wadda aka sayar a Turai, tana iya kunyata direba a bainar jama'a? Lamba ɗaya ba ta inda aka saba. Tana ƙasa ta hagu, wurin da kowa ya san lamba biyu. A sama ta hagu, inda hannu ya saba kai wa idan za a tashi, ribas ce ke zaune. Sai mutum ya tsaya a danja cikin taƙama, wuta ta ba shi hannu, ya saki kuloci, ya ga yana neman bonet ɗin na bayansa. Ba mugunta ba ce. A filin tsere sau ɗaya ake amfani da lamba ɗaya, wajen tashi. Sauran aikin duk tsakanin biyu da uku ne, da huɗu da biyar, shi ya sa aka jera kowane biyu a miƙe, ja ɗaya ko turi ɗaya.

Jikinta ma yaudara ne. Daga nesa sai ka ce 3 Series ce ta kowa da kowa, amma in ban da bonet da rufi da 'yan wasu sassa, kusan komai an sake shi. An bubbuɗa kafaɗun da ke saman tayoyi domin manyan tayoyin tsere su samu wuri. An ƙara kwantar da gilashin baya, aka ɗaga murfin but aka yi shi da roba mai ƙarfi, duk don iska ta zame ta sauka kan fiffiken baya ta danne motar a ƙasa.

Shin ko kun san cewa a tserenta na farko a gasar duniya ta cinye komai, sannan aka ƙwace komai? A Monza ta Italiya ne, a 1987. M3 shida ne suka shigo a jere a sahun gaba. Da alƙalai suka zo bincike sai suka tarar an sirance wasu sassan jikinsu, musamman murfin but, fiye da yadda ƙa'ida ta yarda. Aka soke su duka, nasara ta faɗa hannun Allan Moffat da John Harvey a cikin Holden Commodore ta Ostareliya, waɗanda na bakwai suka zo. Duk da haka, ƙarshen kakar ɗan Italiya Roberto Ravaglia ne ya zama zakaran duniya, kuma a cikin M3. A shekarar dai Eric van de Poele ya ci gasar Jamus ta DTM da ita, Ravaglia ya maimaita a 1989. Har a tseren kan titunan duwatsu ta taɓa: Bernard Béguin ya lashe na tsibirin Corsica a 1987, da mota mai jan baya kawai, a lokacin da masu jan taya huɗu suka mamaye fagen.

Shin ko kun san cewa Marsandi ce ta fara tsokano faɗa tsakaninta da BMW? 'Yar Marsandi 190 ɗin nan da ta daɗe tana yawo a titunanmu tana da wata 'yar'uwa mai zafin rai, 190E 2.3-16, wadda kamfanin Cosworth na Ingila ya ƙera wa kan inji, mai ƙarfin doki 185. Ta riga M3 fitowa. A watan Agustan 1983 aka kai irinta filin gwaji na Nardò a kudancin Italiya, aka yi ta zagaye dare da rana har kilomita 50,000 cikin awa 201 da 'yan mintuna, matsakaicin gudu kusan kilomita 248 a awa, har da tsayawar shan mai da canza taya a cikin lissafin. A ranar 12 ga Mayun 1984 kuma, wajen bikin buɗe sabon filin Nürburgring, aka raba wa manyan direbobi guda 20 iri ɗaya sak, cikinsu har da tsofaffin zakarun duniya. Wani yaro ɗan Brazil mai shekara 24, wanda a shekarar ya shiga Formula 1, shi ya bar su duka a baya, Niki Lauda na biye da shi. Sunansa Ayrton Senna.

Gasar da ke tsakanin BMW da Marsandi ce ta sa kowane ɓangare ya riƙa fito da sabon samfuri. Doka ta ce in kana son ƙara wa motar tserenka wani abu, sai ka ƙera aƙalla 500 masu ɗauke da shi. A 1990 BMW ta fito da Sport Evolution, lita 2.5, doki 238, guda 600. Marsandi ta amsa da Evolution II, doki 235, guda 502, da wani ƙaton fiffike a baya. Da ita Klaus Ludwig ya ci DTM a 1992. Yau masu tara tsofaffin motoci suna sayen kowacce daga cikinsu da kuɗin da ya ninninka farashinta na sabuwa.

Shin ko kun san cewa M3 ta farko duk sitiyarinta a hagu yake? Ingila da Japan haka suka karɓe ta. Da a Najeriya ne babu matsala, tunda mun koma bin hannun dama tun 1972. Afirka ta Kudu kuwa, inda BMW ke da masana'anta a Rosslyn kusa da Pretoria tun 1973, sai suka yi nasu dabarar. Suka ɗauko injin lita 3.2 na babbar 7 Series suka cusa a cikin ƙaramar 3 Series, suka kira ta 333i, guda 200 da 'yan kai. Injin ya cike gaban motar har ya zama mai saye sai ya zaɓi ɗaya: ko na'urar sanyaya iska, ko sitiyari mai laushi. Biyun ba za su shiga tare ba. A ƙasar da ake rana, wannan zaɓi ne mai sa mutum ya yi shiru ya yi tunani. Bayanta aka yi 325iS, wadda matasan Soweto ke kira Gusheshe, kuma har yau da irinta ake wasan juya mota ana tayar da hayaƙin taya.

Shin ko kun san cewa M3 ta biyu iri biyu ce, kuma Amurkawa mai rauni aka ba su? Ta fito a 1992 da inji mai silinda shida a jere, lita 3, doki 286. A 1995 aka faɗaɗa shi zuwa lita 3.2, doki 321, wato doki 100 a kowace lita ba tare da turbo ba, abin da a lokacin sai a wajen su Ferrari da Honda ake jin labarinsa. Sirrin ya haɗa da VANOS, wata na'ura da ke amfani da ƙarfin baƙin mai tana sauya lokacin buɗewar bawul gwargwadon juyin inji, domin mota ta yi ƙarfi a hankali, ta kuma yi ƙarfi a guje. Wannan inji yana da tsada, reshen kamfanin na Amurka ya ga farashin zai kori masu saye. Sai aka haɗa musu mai sauƙi, doki 240. Kanada ta samu na ainihin, amma guda 45 kawai, a 1994. Don haka wanda ya ga M3 ta wannan zamani a wajen dillalai, ya fara tambaya daga ina ta shigo. Ta Amurka da ta Turai bajo ɗaya ne, amma akwai tazarar doki kusan 80 tsakaninsu a samfurin ƙarshe. A wannan zubin ne aka fara M3 mai ƙofa huɗu, a 1994, kuma jimillar da aka ƙera ta haura 71,000.

Shin ko kun san cewa fistin ɗin M3 ta uku yana tafiyar sama da mita 24 a daƙiƙa ɗaya idan an ƙure ta? Wannan ita ce ta shekarar 2000, mai lambar E46. Lita 3.2, doki 343, inji na juyawa har sau 8,000 a minti, daga tsaye zuwa 100 daƙiƙa 5.2. In za a tambaye ni, a nan aka daidaita komai: ƙarfin ya isa, girman bai wuce misali ba, kuma kukan injin yana da wata kaifin murya ta ƙarfe da ba a sake samu ba. Kasuwa ma ta yarda, an sayar da sama da 85,000. Ba wai ba ta da laifi ba. Kamfanin da kansa ya kira motocin farko-farko don canza 'yan ƙarafan da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf, kuma sanannen abu ne cewa ƙasan bodi, inda aka ɗaure ƙafafun baya, yana tsagewa idan shekaru suka ja. Baƙin mai ma nata daban ne, mai kauri, 10W-60. Wanda ya zuba mata na galan ɗin bakin titi, shi ya jiyo.

A 2003 aka yi mata wata ƙanwa, CSL, wadda aka sa ta azumi. Rufinta na zaren carbon ne, gilashin baya an sirance shi, kujerun gaba na tsere ne, shimfiɗar cikin but kuwa da wani irin kwali mai saƙar zuma aka yi ta. Ba rediyo, ba na'urar sanyaya iska, sai wanda ya roƙa a mayar masa. An rage kilo 110, aka ƙara doki ya kai 360. Launi biyu kawai, baƙi da ruwan toka, guda 1,383 a duniya. Ta zagaye tsohon filin Nürburgring, mai tsawon kilomita 20.8 cikin daji da tsaunuka, a minti 7 da daƙiƙa 50.

Shin ko kun san cewa motar nan mai shuɗi da ruwan azurfa ta wasan Need for Speed: Most Wanted na 2005 ta gaske ce? Duk wanda ya ɓata kuɗin makarantarsa a shagon wasan kwamfuta ya san ta. Sunanta M3 GTR. A gasar American Le Mans, silinda shida ya kasa da Porsche, sai BMW ta dasa wa motar inji V8 a 2001, ta ci tsere 7 cikin 10, Jörg Müller ya zama zakara. Porsche ta yi ƙorafi cewa babu M3 mai V8 a kasuwa. BMW ta ce akwai, ta sanya 'yan ƙwarori a kasuwa a kan Yuro 250,000 kowacce. Masu gasar ba su gamsu ba, suka ce daga 2002 sai an ƙera mota 100 da inji 1,000, in ba haka ba a ɗora mata nauyi a shaƙe mata numfashi. BMW ta tattara kayanta ta bar gasar. Ta dawo da motar gida, ta ci tseren awa 24 na Nürburgring da ita a 2004 da 2005. Doka ta kore ta daga Amurka, wasan yara ya sa duniya ta san ta.

Shin ko kun san cewa in ban da 'yan ƙwarorin GTR ɗin nan, sau ɗaya tak aka saka wa M3 ta kasuwa inji V8, kuma ya fi na silinda shida da ya gada sauƙin nauyi? A 2007 ne. Lita 4, doki 420, juyi har 8,400 a minti, kowace silinda da nata maƙogwaron shan iska. Nauyinsa kilo 202, wato ƙasa da tsohon da kilo 15, saboda an bar ƙarfe an koma alminiyam. A Landshut aka zuba gangar jikinsa, a maƙerar da a lokacin take zuba na motocin Formula 1 na kamfanin. Asalinsa ma tarihi ne ya maimaita kansa: injin V10 na M5 aka rage wa silinda biyu. Ya ci kyautar injin shekara na duniya a ajinsa sau biyar a jere, daga 2008 zuwa 2012. Matsalarsa ɗaya ce, kuma babba ce ga mai sayen fetur da kuɗinsa: maƙoshi gare shi. A 2012 ɗin BMW ta koma DTM bayan shekara 20, Bruno Spengler ya ɗauko mata kofi a shekarar farko.

Shin ko kun san cewa akwai M3 a-kori-kura? Har biyu ma. A 1986 ma'aikatan sashen M suka yanke bayan wata suka mayar da ita ta ɗaukar kaya, ta yi shekara 26 tana jigilar sassan inji a harabar kamfanin kafin a yi mata ritaya a 2012. Ta biyu mai V8 ce, an sanar da ita ranar 1 ga Afrilun 2011, ranar da Turawa ke zolayar juna. Mutane suka ɗauka ƙarya ce, ashe motar na nan, sayarwa ce kawai ba za a yi ba.

Shin ko kun san cewa dokar hayaƙi ce ta kashe V8 ɗin? Turai ta matsa wa kamfanoni su rage shan mai da fitar da iskar carbon, don haka a 2014 M3 ta koma silinda shida, lita 3, da turbo biyu. Aikin turbo irin na zuga-zugin maƙeri ne: hayaƙin da ke fita yana juya wata farfela, ita kuma ta dinga tura iska cikin inji da ƙarfi, wuta ta ƙara ci. Doki ya tashi kaɗan zuwa 431, amma ƙarfin murɗa taya ya yi tsalle daga 400 zuwa 550 a ma'aunin Nm, kuma tun daga juyi 1,850 yake zuwa, ba sai an ƙure totur ba. Motocin farko sun yi suna wajen watsa ƙafar baya idan titi na da laima. Abin da aka rasa shi ne murya. Turbo na danne kukan inji, har sai da kamfanin ya riƙa ƙara sautin ta lasifikokin cikin mota. Ni dai ban ga abin alfahari a nan ba.

A wannan shekarar ce kuma aka raba gado. Mai ƙofa huɗu ta riƙe sunan M3, mai ƙofa biyu ta koma M4, alhali da ƙofa biyu aka haifi sunan. A cikin dangin M4 akwai GTS ta 2016, guda 700, mai tankin ruwa na lita 5 a but. Ruwan ana fesa shi cikin iskar da inji ke shaƙa don ta yi sanyi, doki ya kai 500. M3 ɗin kuwa a 2018 aka tsayar da ita, da sabon tsarin gwajin hayaƙi na Turai ya buƙaci ƙarin matata, kamfanin ya ga gyaran bai cancanci wahalarsa ba tunda sabuwa na tafe.

Shin ko kun san cewa M3 ta shida ta fi jawo surutu da hancinta fiye da injinta? An bayyana ta a watan Satumban 2020 da wasu dogayen ramukan shan iska biyu da suka sauko tun daga bonet har kusan ƙasa. Intanet ta ɗauka, aka yi ta zagi, aka kuma yi ta saye. Akwai mai doki 480 da giyar hannu mai lamba shida, wadda manyan kishiyoyinta, Marsandi C63 da Audi RS4, ba su da ita. Akwai Competition mai doki 510 da giya mai canza kanta, lamba takwas. Daga 2021 aka fara mai jan taya huɗu, karo na farko a tarihin M3, tana kai wa 100 a daƙiƙa 3.5, kuma direba na iya danna maɓalli ya kashe jan gaba ta koma ta baya zalla. CS ta 2023 ta kai doki 550. Har wata manhaja aka saka da ke auna yadda direba ya zamar da mota a kwana, ta ba shi taurari. A 2022 kuma aka fito da Touring, mai dogon baya ta iyali, bayan shekara 36 ana roƙo. Tun a 2000 sun haɗa samfurinta ƙwaya ɗaya suka ɓoye. Da ta fito, ta zagaye Nürburgring a minti 7 da daƙiƙa 35, wato motar kai yara makaranta ta ba CSL ratar daƙiƙa 15.

Yanzu a ɗauko adadin nan da aka ajiye. Ta 1986 kilo 1,200 ce. Ta wannan zubin, mafi sauƙinta ta haura 1,700, Touring kuwa ta wuce 1,800. Tsawo ya ƙaru da kusan santimita 45, har ta fi M5 ta shekarun 1980 tsayi, wadda a lokacin ita ce babbar yaya. Ba ƙiba ce ta banza ba: jakunkunan iska, ƙarafan kariya, matatun hayaƙi, kwamfutoci, duk doka ko kasuwa ce ta nema. Sabuwar ta fi tsohuwar gudu nesa ba kusa ba, ta fi ta tsaro, ta fi ta tsayawa idan an taka birki. Amma tsohuwar za ka iya ƙure ta ka ji daɗinta a gudun da hankali zai ɗauka. Sabuwar, kafin ta nuna maka halinta, ka riga ka kai gudun da kuskure ɗaya ya isa.

Shin ko kun san cewa tun daga ta biyu, kusan kowace M3 an ɗaure ta a gudun kilomita 250 a awa? Ba don ta kasa ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 BMW da Marsandi da Audi suka yi fahimtar juna a kan haka, domin kada 'yan siyasa su samu hujjar sa iyaka a manyan titunan Autobahn, inda a sassa da yawa gudun 130 shawara ce kawai, ba tilas ba. Porsche ba ta shiga ba. A sabuwar M3, idan mai saye ya ƙara kuɗi, ana sassauta ɗaurin zuwa 290.

Idan kuma kun ga mujallar Amurka ta ce 503 a inda muka ce 510, ba kuskure ba ne. Dokin da Jamusawa ke aunawa da shi ya ɗan fi na Amurka da Ingila ƙanƙanta, da kashi ɗaya da ɗoriya cikin ɗari.

Shin ko kun san cewa yawancin motocin da ke ɗauke da harafin M a titunanmu ba M3 ba ne? Bajon nan mai ratsi uku ba ya wuyar samu a kasuwar kayan gyara, kuma kamfanin da kansa ya ƙara rikita lissafi da yake sayar da kwalliyar M Sport a kan 320i da 330i, da kuma M340i, wadda mota ce mai ƙarfi amma ba ita ba ce. Daga zubin 2000 zuwa yau, ta gasken tana da bakin salansa huɗu, da kafaɗu masu faɗi, da tsagar shan iska a gefe bayan tayar gaba. Duk waɗannan mai gyaran bodi na iya ƙirƙiro su. Abin da ba ya ƙirƙiruwa cikin sauƙi shi ne lambar shasi, wadda ake gani a ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. 3 Series ta gama-gari da aka ƙera a Jamus tana farawa da WBA. Wadda ta fito daga hannun sashen M tana farawa da WBS. A duba wannan kafin a fara ciniki, sannan a gwama shi da abin da ke rubuce a takardun kwastan.